Jan Fensir a Wuyan Jonalyn

Litinin, 7 ga Agusta, ƙarfe 7:10 na yamma

Zan rubuta komai bi da bi, yadda aka koya mana, tun kafin kaina ya fara yi wa labarin kwaskwarima.

Ɗaya. Na isa gidan da muke ɗaukar fim ɗinmu mai dogon zango na talabijin a Marikina ƙarfe shida na safe, kafin motar kamara.

Biyu. Na rufe tagogin ɗakin da baƙin yadi. Na kashe allon kallo na tsakar gida, na bar na darakta kaɗai.

Uku. Na fitar da duk wanda ba shi da aiki a ciki. Muka rage mu shida: ni, daraktanmu Direk Boyet, mai kamara, mai sauti, da 'yan wasan biyu, Kuya Ato da Jonalyn (a nan Kuya muke ce wa yaya namiji, Ate kuma yaya mace).

Huɗu. Takardar Jonalyn tana hannuna, da sa hannunta tun ranar Juma'a. Zanen jikin mutum ne, gaba da baya. Inda ta yarda a taɓa ta shafa kore, inda ba ta yarda ba ta shafa ja. Fuska kore, kafaɗa kore, ƙugu kore. Wuya ja. Baya ja, tun daga ƙeya har ƙasa. Ta danna fensirin har ya kusa huda takardar. Ban tambaye ta dalili ba. Ba ma tambayar dalili.

Biyar. An ɗauki fitowar sau biyu yadda na tsara: Kuya Ato ya shigo, ya riƙe kafaɗarta, sumba ɗaya, a ƙirga uku, ya sake ta. Direk ya cire abin kunnensa ya ce, "Wannan ai gaisuwar suruka ce. Ato, zame mata rigar ta baya, ka sumbaci wuyan."

Shida. Na tambaye ta. Ta ce e.

Bakwai. An ɗauka sau huɗu. Bayan ta huɗun ta shiga banɗaki. Na tsaya a ƙofa da rigar lulluɓi a hannu, famfo yana ta zuba har minti ashirin. Da ta fito ba ta karɓi rigar ba. Ta bi ta gefena kamar babu kowa a wurin.

Na tambaye ta. Ta ce e. Na bi ƙa'ida.

Talata, 8 ga Agusta, ƙarfe 12 na rana

Wayarta a kashe. Sau biyar.

Laraba, 9 ga Agusta, ƙarfe 4:30 na yamma

Ba ta zo aiki ba. Mutum sittin suna zaune suna kallon ruwan sama har tsakar rana.

Ina shigowa masu fitila suka fara. "Ku gyara hanya, ga 'yar sandan sumba nan! Ate Perla, matata ta ce in kawo miki tawa takardar, ki shafa mata kore ko'ina!" Suka kwashe da dariya. Da can ina mayar musu. Yau na ji kamar in jefe su da dutsen guga.

Direk ya hango ni daga ƙarƙashin rumfa. "Perla! Ina 'yarki?"

"Ba 'yata ba ce, Direk."

"Kafin a kawo mana ke, yarinya takan yi kukanta, ta wanke fuska, ta dawo aiki. Yanzu kowa ya san haƙƙinsa, amma ba wanda ya san ƙarfe nawa ake zuwa."

Na san kukan da yake faɗa. A ɗakina ake yin sa. Shekara goma sha tara ina ɗakin kayan sawa, a tsakanin riguna suke ɓuya, ni ke miƙa musu ƙyalle su share fuska, in gyara musu zif, in tura su su koma. Saboda su na shiga horon nan na mako shida, duk da Turancin malamar yana wuce ni, ni da na tsaya a sakandare a Tarlac. Aikina yanzu ɗaya ne: duk fitowar da za a yi sumba ko runguma ko a cire riga, in tsaya tsakanin 'yan wasa da darakta, in tabbatar ba a yi wa kowa abin da bai yarda da shi ba. Shi ke nan aikin. Abu ɗaya.

Na shiga na jera kayan jakata, tef da ƙyallaye masu kalar fata da ƙaramin matashin da ake sawa tsakani da alewar minti, na sake jera su.

Alhamis, 10 ga Agusta, ƙarfe 6 na yamma

Furodusarmu Madam Celing ta kira ni ofishinta a Quezon City. Sanyin ɗakin har cikin haƙori. Ta sa aka kawo min kofi da burodi mai cuku, abin da ba ta taɓa yi ba.

Innar Jonalyn, wadda ke kula da aikinta, ta rubuto wasiƙa. Ta ce an matsa wa yarinyar, kada a nuna fitowar. Kamfani kuma ya ce ta yarda da bakinta. Za a yi zama ranar 22 ga wata, da lauyoyi.

Madam ta turo min takarda. An riga an buga ta, sunana ne kawai a ƙasa yana jiran biro. Na kwafe layin da ke tsakiya: "Jarumar ta amince da canjin da bakinta, kuma an bi dukkan ƙa'idoji."

Na ce, "In na sa hannu, me zai faru, ranki ya daɗe?"

"A nuna fitowar ranar 28. Ita kuma marubuta su yi mata hatsarin mota a cikin fim ɗin, mu huta. Yarinyar da ke cewa e a gaban kamara, ta ce a'a a gaban lauya, wa zai sake ɗaukar ta?" Ta kama hannuna. "Perla, 'yar'uwa, ni na kawo aikin nan kamfanin nan. Ni na yi faɗa da mazan nan a kanki. In kika faɗi, ba ke kaɗai kika faɗi ba. Ba za su ƙara ɗaukar mai irin aikinki ba har abada."

Na ce zan karanta a gida. Layi uku ne. Me zan karanta?

Juma'a, 11 ga Agusta, ƙarfe 7 na safe

Mijina Lito yana gyaran fanka a ƙasa, na ba shi labarin. Bai ɗago ba.

"Ta ce e ko ba ta ce ba?"

"Ta ce."

"To sa hannu mana, Shugaba. Miƙo min sukurun can."

Shekara goma sha shida da aure, yau na gane kan mijina hanya ɗaya ce, kamar motar da yake ja daga Cubao zuwa Divisoria.

Asabar, 12 ga Agusta, ƙarfe 2 na rana

Wani shafin gulma ya sa: "Wace sabuwar jaruma ce kanta ya kumbura, ta bar mutum sittin suna jiranta a ruwa?" Ba suna, amma sun sa hoton takalminta. Na san wanda ya ba su. Ba daga ɗakin kayan sawa ya fito ba.

Mutane suna ta rubutu a ƙasa. Wata ta ce, in ba ta so a taɓa ta, ta koma sayar da kifi. Wadda ta rubuta hotonta da jariri a hannu.

Lahadi, 13 ga Agusta, ƙarfe 11 na safe

Na je coci, ban ji kalma ɗaya ba. Ina durƙushe ina zagin mutane a zuciya, a jere.

Direk Boyet, da ya karanta takardar nan ranar Juma'a, ya ga jan, ya sa hannu, ya ce "Madalla." Ya san abin da yake yi. Ya jira har sai da fitila ta kunnu.

Kuya Ato, mai shekara hamsin da biyu, mai 'ya sa'arta, da ba a taɓa jin ya ce wa darakta uffan ba.

Madam da burodinta.

Ita ma Jonalyn. E, ita ma. Shekara ashirin da huɗu, ba jaririya ba ce. Na koya mata. Mun yi gwaji a ɗakina, na ce ta ce min a'a sau goma, tana dariya tana faɗa. Ina bakin ya tafi ranar Litinin? Kalma ɗaya! Da ta faɗe ta, da yanzu ina gida ina yanka albasa da kwanciyar hankali.

Na tambaye ta. Ta ce e.

Litinin, 14 ga Agusta, ƙarfe 1:20 na rana

Lokacin cin abinci Kuya Ato ya ɗauko farantinsa ya zauna kusa da ni a bayan motar janareto. Shinkafa da adobo, naman nan mai ɗan tsami. Ya daɗe yana juya cokali.

"Perla, sun ce in rubuta nawa bayanin."

"To ka rubuta, Kuya."

"Ni abin da aka ce in yi nake yi, kin sani. Shekara talatin." Ya ajiye cokalin. "Da na taɓa bayanta, sanyi ƙalau, kamar kifin da aka ciro daga ƙanƙara. Na ɗago na dube ki. Kin tuna? Kafin ɗauka ta biyu na dube ki."

"Ban tuna ba."

"Kin ɗaga min kai."

Na tashi na bar masa abincina.

Ƙarya na yi masa. Na tuna.

Talata, 15 ga Agusta, ƙarfe 9 na safe

Takardar Madam tana ƙarƙashin kwanon sukari. Na bi ƙa'ida.

Laraba, 16 ga Agusta, ƙarfe 5 na yamma

An koma gidan Marikina don wata fitowar. Da ɗakin ya zama ba kowa, na shiga na auna. Daga bakin gado zuwa baranda, inda ba mai jin magana, taku tara ne. Na sake aunawa da ƙananan taku, goma sha ɗaya.

Ban san me ya sa na auna ba.

Na sani.

Juma'a, 18 ga Agusta, ƙarfe 3 na rana

Na je gidan su Jonalyn a Pasig. Ruwa ya kai ƙauri a layinsu, na riƙe takalmina a hannu. Na kai mata ayaba da miyar sinigang a kula. Innarta, da muke ce wa Tita, ta buɗe ƙofa, ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"Kamfani ne ya aiko ki?"

"Ni na aiko kaina, Tita."

"To koma da kanki."

Sai ga Jonalyn a bayanta, da tsohuwar rigar makaranta mai dogon wuya, a wannan zafin. Ta rame. Ba ta ce in shigo ba.

"Ate Perla, kin tuna abin da kika faɗa min ranar farko? A ɗakinki, da kika ba ni fensir biyu?"

Na ce na faɗa mata abubuwa da yawa.

"Ɗaya nake nufi."

Na tsaya ruwa yana bin ƙafata. Ta jira. Ta jira sosai, ita da ba ta iya barin babba ya yi shiru ba ta cike masa da dariya ba. Sannan ta ce, "Na gode da miyar," ta rufe ƙofa a hankali. Ko bugawa ba ta yi ba. Da ta buga da na fi samun sauƙi.

Asabar, 19 ga Agusta, ƙarfe 6:30 na safe

Zan sake rubuta na shida. Wancan da na rubuta ranar 7 ga wata ba ƙarya ba ne, amma na yanke masa kai da ƙafa.

Littafin horonmu, shafi na goma sha huɗu, na ja masa layi biyu da hannuna: duk canjin da ya taso a wurin aiki, a fita da ɗan wasa waje, a tambaye shi shi kaɗai, inda darakta ba ya ji, ba ya gani. In ya ce a'a, ke za ki kai wa darakta, ki ce ke ce ba ki yarda ba.

Shi ne abin da na faɗa mata ranar farko. Na ce, "Ba zan taɓa tambayarki komai a gaban Direk ba. A'arki ni zan ɗauka, ki bar shi ya tsane ni."

Ranar Litinin hadari ya taso, in ruwa ya sauka mai sauti ba zai ji komai ba. Direk ya ce, "Minti biyar gare mu, Perla, kada ki fara min zaman majalisa." Shekara goma sha tara ina guge wa mutumin nan riga, ban taɓa ce masa a'a ba ko a kan maɓalli. Na dubi ƙofa. Na dube shi. Sai na juya daga inda nake tsaye, shi yana gefena har ina jin ƙamshin kofinsa, Kuya Ato yana zaune a bakin gado, kamara a kunne, na ce da ƙarfi, "Jonalyn, kin yarda?"

Yarinyar da in ta shigo da safe sai ta ɗora hannun Direk a goshinta ta gaishe shi kamar kakanta. Yarinyar da fim ɗin nan ne na farko da aka ba ta suna a fosta. A garin nan wace 'ya ce aka yi wa tarbiyya za ta ce wa babba a'a a gaban mutane? Ni kaina ban iya ba, ga ni da furfura.

Ta dube ni kafin ta amsa. Ta ba ni lokaci in gyara. Sannan ta ce e.

Ba tambaya na yi mata ba. Na miƙa mata abin da ni na ji tsoron ɗauka.

Taku tara.

Lahadi, 20 ga Agusta, ƙarfe 4 na yamma

Na karanta wa Lito abin da na rubuta jiya. Ya kashe rediyo da kansa.

"In kika faɗi wannan, sun kore ki."

"Na sani."

"Shi kuma Direk?"

"Ba abin da zai same shi."

"To ina adalcin, Shugaba?"

Na ce masa ni ma shi nake nema tun mako biyu, in ya gan shi a hanyar Divisoria ya ɗauko min.

Litinin, 21 ga Agusta, ƙarfe 10 na safe

Hutu. Na goge riga uku, ban san wadda zan sa ba. Wataƙila ma na faɗa su ce ba komai ba ne. Wataƙila malamar horon za ta ce na ɓata wa sauran suna. Wataƙila tun farko wadda ta yi jami'a ya kamata su ɗauka.

Talata, 22 ga Agusta, ƙarfe 5:45 na yamma

Dogon tebur. Madam, Direk, lauyan kamfani. A ɗaya ɓangaren Jonalyn da innarta da wata lauya mai tabarau. Ni a ƙarshe, kusa da ƙofa.

Madam ta yi murmushi. "Perla, kin kawo takardar?"

Na miƙa mata ba sa hannu. Da tabon sukari a kusurwa. Na buɗe littafin nan na ce zan karanta. Na ɓata layi sau biyu. Na karanta na ranar Asabar, daga farko har taku tara. Na ajiye zanen Jonalyn a tsakiyar tebur, jan yana sama, da sa hannun Direk a ƙasa.

Lauyan kamfani ya ce, "Amma ta ce e, ko?"

Na ce, "Ta ce, yallaɓai. A ƙa'idar aikin da kamfaninku ya ɗauke ni in yi, e ɗin da aka karɓa a gaban darakta ba a ƙirga shi. Ni na karɓe shi a can. Laifina ne, ba nata ba."

Direk ya yi dariya ta hanci. "Kun ji. Ita ma ta ce laifinta ne. Ni me na yi?"

Ban shirya wannan ba, ba ya cikin littafi. Na ce, "Kai ka ga jan tun Juma'a, Direk. Ka jira hadari."

"Perla, ni kike faɗa wa haka? Ke da na sani da allura a baki?"

"Ni ce, Direk. A da allurar ce ta hana ni magana."

Ba wanda ya yi dariya. Madam ta rufe fayil ɗinta. Jonalyn ba ta dube ni ba ko sau ɗaya, tana kallon zanen.

Juma'a, 25 ga Agusta, ƙarfe 11 na safe

Saƙo ta waya, layi biyu. Kamfani ya gode da gudummawata. In dawo da katin shiga.

Litinin, 28 ga Agusta, ƙarfe 8 na yamma

Na kalla a talabijin ɗin maƙwabciya. Kuya Ato ya shigo, ya riƙe kafaɗarta, sumba ɗaya. Na ƙirga: ɗaya, biyu, uku. Ya sake ta. Aka sa tallan sabulu.

Gaisuwar surukar suka nuna. Ba hatsarin mota. Ta koma aiki tun Alhamis.

An ce sun ɗauki wata a madadina, 'yar jami'a, lauyar Jonalyn ce ta tilasta musu. To ashe har abadan Madam bai kai mako ba.

Direk yana nan. An gan shi jiya yana yanka kek na murnar fim ɗin ya kai kashi na ɗari.

Asabar, 9 ga Satumba, ƙarfe 10:15 na safe

Na fito da keken ɗinkina falo, ina rage wa yaran unguwa wandon makaranta. Aka ƙwanƙwasa. Jonalyn ce, ita kaɗai, da kular miyata a leda, a wanke.

Na ce wa Lito ya je ya sayo burodi.

"Akwai burodi, Shugaba."

"Je ka sayo wani."

Ya fita. Na rufe ƙofa, na rufe taga, na kashe fanka don in ji ta sosai. Na ba ta kujera mai kyau, na zauna a ta keken.

Ta ce sabuwar tana da kirki, amma komai sai ta duba waya. Ta ce masu fitila sun sa wa sabuwar suna ita ma. Ta ce yanzu Direk ba ya mata magana sai ta bakin mataimakinsa, kuma ta fi son haka.

Na ce, "Jonalyn, zan tambaye ki abu ɗaya. Ba kowa a nan sai ni da ke. Duk abin da kika ce, ya zauna."

"To, Ate."

"Kin yafe min?"

Ta dubi ƙofar da na rufe. Ta dubi hannunta. Na ga bakinta ya fara shirya murmushin nan da take yi wa manya, sai ta haɗiye shi.

"A'a, Ate. Ba yanzu ba."

Na ce, "Na ji."

Ban tambaye ta dalili ba. Ta zauna har Lito ya dawo, ta ci burodi ɗaya, ta tafi.

Na tambaye ta. Ta ce a'a.